Dabinon da Ba Ya Haihuwa

Dabino goma sha biyar Ramalan ya bar mini a garkarmu ta bayan Akokan, nan gefen Arlit. Sha huɗu masu haihuwa ne, ɗayan kuwa bai taɓa ba ni ko ƙwara guda na jefa a baki ba, shi ya sa nake kiransa Malalaci. Shekara ashirin da shida mijina ya yi yana shiga ramin haƙar ma'adinai na kamfani yana fitowa, ranakun hutunsa kuma a wannan garka ya ƙarar da su. Da aka rufe ramin, abokan aikinsa suka ɗaure kaya kowa ya nufi garinsu, shi kuwa ya ce babu inda za shi, dabinonsa sun fara tasawa. Bai ci amfaninsu sau uku ba Allah ya karɓi abinsa.

Tun daga ranar da na fita takaba yayana Fatahu ya sa ni gaba da waya.

"Hansai, me kike jira a Arlit? Mai gidan ya rasu, kamfanin ya rufe. Ki sayar da garkar nan ki dawo Damagaram, ɗakin Inna yana nan a share."

Shekara biyu ina ja masa rai. A ta uku na gaji da musu, na ce masa, "Yaya, ka bar ni in ga dabinon bana. In bai riƙe ni ba, da ƙafata zan je tasha in hau mota." Na faɗa ne don ya ƙyale ni, amma na san Yaya Fatahu, ba ya mance alkawarin da aka yi masa. Kuma gaskiya ne, salati da tumatir cefanen yau kawai suke fitarwa, dabino ne ke ɗaukar shekara. Ni kuma ba na son barin garin nan. Kabarin Ramalan yana nan, garkarsa tana nan, kuma ban yi tsufan da zan koma ɗakin Inna in zauna ina jiran a miƙo mini tuwo ba.

Sai dai dabino ba ya haihuwa sai an yi masa aure, kuma a duk garkokinmu mutum ɗaya ne ya iya: Baba Ismaghil, wani dogon tsoho mutumin duwatsun Ayar, mai rawani baƙi da burgamin fatar akuya da ba ya rabuwa da shi. In sanyi ya fara ja da baya, kwanson furen dabino ya tsage, sai a je a gaishe shi. Zai zo da hantsi, ya kori kowa daga garkar har da mai ita, ya hau, ya yi abin da zai yi, ya sauko. Abin da muka sani kawai shi ne akwai wani sirri a cikin burgamin nan da yake zuwa da shi daga dutse, da wasu kalmomi da ya gada. In dabino ya nuna, nonon farko na kowane icce nasa ne. Dabinon da bai taɓa ba kuwa, ƴaƴansa ƙanana suke fitowa marasa ƙwallo, su zube ko a ba awaki.

Kada wani ya ce mini ai duk wannan yana cikin waya. Mu ƴaƴan teloli ne da ƴan tireda da leburorin rami, noman dabino a nan muka tsince shi. Ba mu ma san akwai abin tambaya ba, balle mu tambaya.

Wannan burgami shi ya sa Baba Ismaghil ya zama sarki ba naɗi. Shi ke faɗin wanda zai fara shan ruwa in an buɗe basan, babban tafkin siminti da ke ba garkokinmu ruwa. In ya shigo taron komite na masu garka kowa sai ya tashi tsaye. Kuma shi ake tambaya game da juya, wato dabinon da ya girma ya ƙi haihuwa. Mu da ƙwallo muke shuka, kuma kusan rabin abin da ya tsiro juya yake fitowa. In an nuna masa sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Yana shan ruwa, ba ya ba ka komai." Daga nan sai gatari. Ramalan da kansa ya sare goma sha ɗaya. Malalaci kaɗai ya bari, don a inuwarsa yake shimfiɗa buzu ya yi azahar, ni ma kuma saboda haka ne na kasa sa masa ƙarfe, ko da yake maƙwabta sun yi ta yi mini dariya.

Bakina ne ya jawo mini. Ba zan ɓoye ba, ina da shi, kuma ba na iya riƙe shi in an taka ni. Tun da Ramalan ya rasu aka mai da ni ta ƙarshe a layin ruwa, sai rana ta take ruwan yake iso ni, rabinsa laka. Ranar wani taro, gaban maza kusan talatin, na miƙe na ce, "Baba Ismaghil, ruwan nan na gadonka ne, ko kuwa matar da mijinta ya mutu dabinonta ba ya jin ƙishi?" Wurin ya yi tsit. Tsohon ya gyara rawaninsa ya rufe baki, ya dubi wani gefe. Na koma gida ina jin daɗin kaina, har na ƙara mai a miya.

Sati uku bayan haka kwanson farko ya tsage a garkata. Kashegari guda huɗu suka bi shi. Na jira, tsoho bai zo ba. Ina hango shi yana shiga garkar Kalilu, maƙwabcina mutumin Tawa, ya fito ya wuce ta bakin dangata ko waiwaye babu. Na haɗiye girman kaina na sayi sukari da ganyen shayi na tafi gidansa, na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, dabinon Ramalan sun buɗe."

Shi a bakinsa mace da namiji duk "kai" ne. Ya ce, "Na gani. Kai ka iya magana gaban mutane. Ka je ka yi wa dabino magana, ko zai ji."

Ya karɓi sukarin kuwa, bai mayar mini ba.

Na dawo garka raina a ɓace, na zauna a gindin Malalaci na yi kuka, irin kukan haushi da ba ka so kowa ya gani. Na san furen ba ya jira, kwana kaɗan ne ya wuce. Ina ganin kaina a tasha da buhunan kaya, ina ganin wani yana zaune a inuwar nan yana cewa ya saye ta da araha wajen wata bazawara mai baki. Ina cikin share hawaye da bakin zane sai na ji ƙullin da ke jiki. Wani busasshen sili ne mai ƙananan furanni, wanda na tsinta bara a tsakiyar nonon dabino lokacin da nake yanka, an ɗaure shi da zaren ganye. Na ɗauka laya ce ta tsohon, na ƙulle ta a zane ina tsoron yarwa. Na kwance ina jujjuya shi a hannu, na ɗaga kai don in sha iska, sai idona ya faɗa kan Malalaci. Shi ma kwansonsa biyu sun tsage, sun fito da farin fure cunkus kamar tsintsiya. Kowace shekara yana yin haka, ban taɓa tsayawa na duba ba, tunda na san ba ya zama komai.

Na jawo tsani na hau, ƙaya ta yage mini hannu, na karyo sili ɗaya na sauko. Na jera shi da busasshen a tafin hannuna. Tsawonsu ɗaya, furanninsu iri ɗaya. Na daɗe a tsaye ina kallonsu. Sai kuma na tuna wani abu: duk garin nan, mutum ɗaya ne bai taɓa cewa in sare Malalaci ba.

Kashegari ranar da nake kai salati kasuwa ce, kowa ya san ba a samuna a garka. Ban je ba. Da hantsi na yanko kwanso guda daga Malalaci na sauko da shi. Wani farin gari ya bi ya ɓata mini hijabi da hannuwa, har ya sa ni atishawa. Ni kuwa mace ce da ta yi shekara talatin tana girki, ba na amfani da abu sai na wanke shi. Na kakkaɓe silin da kyau, na jawo bokitin ruwa, na tsoma rabinsu ina ɗauraya.

"Kai! Kai! Fitar da hannunka!"

Na juya a firgice. Baba Ismaghil ne a cikin garkata, da burgaminsa da wuƙa a hannu. Ban taɓa ganin ya yi gudu ba sai ranar. Ya fizge sauran silin da ban jiƙa ba ya rungume su a ƙirji, ya leƙa bokitin da farin gari ke yawo a kan ruwa, ya dafe kai.

"Ka kashe shi! Garin nan da ka wanke, shi ne auren. Shi ne duka! Wane irin mutum ne yake wanke fure?"

Maganar ta fita kafin ya kama ta. Muka tsaya muna kallon juna. Na dubi wuƙar hannunsa, na dubi burgamin da yake a buɗe ba komai a ciki, na dubi Malalaci.

Na ce, "Baba, me ya kawo ka garkata yau, ranar da ka san ina kasuwa?"

Ya kau da kai, na ƙara tambaya.

"Daga dutse kake kawo sirrin, ko daga iccen mijina?"

Ya zauna a kan bakin kwalbatin ruwa. Ya ce yana da mazan dabino uku a bayan katangar gidansa, amma sun tsufa, garinsu ya yi rauni. Na Ramalan, wato Malalaci, ya fi su duka. Shekara huɗu ke nan yana yanka daga gare shi, kuma da shi ya aurar da rabin garkokin nan. Wato ana korata daga garkata, a ɗauki furen iccena a aurar da dabinona, sannan in ɗauki nonon farko a ka in kai gida ina godiya. Na ji kamar in kifa masa bokitin nan. Abin da ya hana ni shi ne yadda yake riƙe da silin, a hankali, yana kare su daga iska da hannun rigarsa.

"Goma sha ɗaya Ramalan ya sare, kana kallo," na ce.

"Ina kallo."

"Ba ka ji komai ba?"

Ya ce, "Ubana ba shi da raƙumi, ba shi da rijiya. Garkar wani yake yi wa aiki a dutse. Wannan kaɗai ya ba ni, ya ce in riƙe da kyau, shi zai sa a gaishe ni. Na zo garin nan ba na jin Hausa, ba ni da takardar lakwal, ban yi boko ba, kamfani bai ɗauke ni ba. Da wannan na ci, da shi na yi aure. Ɗana Ghissa yana jan kamyo, babbar motar kaya, zuwa Assamaka, ya ce shi ba zai hau icce ba." Ya dube ni. "In kowa ya sani, wa zai tashi in na shigo?"

Na ɗauki tsani na jingina a dabinon da ya fara buɗewa, na ce ya miƙo mini silin. In zai nuna mini, to. In ba zai nuna ba, zan yi yadda na ga dama, ya zauna ya kalla. Na hau na cusa sili a tsaye cikin furen, na kama ɗaurewa tam kamar bakin buhu. Bai kai minti ɗaya yana kallo ba ya miƙe.

"Juya shi! Kansa ƙasa, garin ya zubo ciki. Uku ya isa, kada ka cika. Sassauta ɗaurin, so kake ka shaƙe shi? Wannan na hagu bar shi, bai buɗe ba, sai jibi."

"Kalmomin fa?"

"Bismilla," ya ce. "Akwai wata kalma bayan ita?"

Haka muka yi har rana ta take, yana ƙasa yana faɗa, ina sama ƙaya tana cin hannuna. Ya nuna mini yadda ake gane kwanson namiji da ya kusa tsagewa a yanke shi kafin iska ta kwashe garin, da yadda ake shanya shi a inuwa, da cewa macen kwana uku take jira, in ya wuce an yi asara. Biyu daga cikin nawa sun riga sun wuce. Sauran muka same su.

Da zai tafi ya tsaya a bakin danga. "Ka yi shiru, ni ma in yi shiru. Ni in yanki fure a nan, kai ka sha ruwa farko."

Na yarda. Zan so in ce na yi gardama, amma ban yi ba. Daga satin nan ruwa ya riƙa iso ni da sanyin safiya, garau, kafin kowa. Maƙwabta suka ga tsohon yana tsayawa ya gaishe ni, su ma suka fara gaishe ni da wata irin murya. Kuma wallahi abin da daɗi. In na wuce garkar wani na hango juya a tsaye, sai in ji wani sanyi a raina cewa na san abin da mai ita bai sani ba. Watanni biyar na yi ina ɗanɗanar abin da Baba Ismaghil ya yi shekara arba'in yana ci, kuma na daina ganin laifinsa kamar da.

Dabino ya nuna cikin tsananin zafi. Ban taɓa ganin haihuwa irin ta bana ba, har sai da na tokare wasu nonna da itace don kada su karye. Ranar da na fara yanka, na ɗora nonon farko a tire na ɗauka a ka zan kai wa tsohon, wannan karon da son raina. Na same shi zaune a bakin garkar Kalilu, an dafa masa shayi, mutum huɗu ko biyar suna kewaye da shi. Kalilu kuwa yana tsaye a gindin wani dabino kyakkyawa mai kauri, yana tofa yawu a hannu, ga gatari a jingine.

"Hansai, kin zo a daidai," in ji Kalilu. "Shekara tara ina ba wannan ruwa, ko ɗiya guda bai yi ba. Yau za ni huta da shi. Ke ma da kin ji shawara da kin sare naki."

Na dubi saman iccen, ga busassun silin bara suna reto. Na dubi Baba Ismaghil, idonsa yana cikin kofin shayi. Na san abin da zan rasa in na buɗe baki: in koma ta ƙarshe a layin ruwa, da tsohon da ba ya mance ɓacin rai a gabana, kuma dabinon da suka riƙe ni bana ba lalle su riƙe ni baɗi ba. Na yi shiru. Kalilu ya ɗaga gatari ya sauke, ɓawon iccen ya yi tsalle. Ƙarar ta shiga kunnena, sai na ga Ramalan a tsaye da gatarinsa yana share gumi, sau goma sha ɗaya, da wani a gefe yana kallo. Yau ni ce a gefen.

"Kalilu, dakata!"

Ya tsaya da gatari a sama. Na sauke tiren a gaban tsohon, na durƙusa kamar yadda na saba, na ce, "Baba, ga naka. Amma kai za ka faɗa, ko ni?"

Kowa ya zuba masa ido ba tare da sanin me ake ciki ba. Ya ajiye kofin. Ya kai hannu ga rawaninsa, na ce a raina shi ke nan, zai rufe baki ya dubi wani gefe. Sai ya ja rawanin ƙasa.

"Ajiye gatari, Kalilu. Wannan ba juya ba ne. Namiji ne. Shi ne mijin sauran."

"Mi?" in ji Kalilu. "Namiji? Baba, tara na sare! Tara, da hannuna!"

"Na sani. Kada ka sare na goma."

An yi hayaniya ranar, ba zan ce ba a yi ba. Kalilu ya yi kwana biyu ba ya gaida tsohon, wasu suka ce a cire shi daga komite. Amma a rana ta uku Kalilun ne da kansa ya je ya ɗauko shi a kan moto, wato babur, don akwai wasu juya biyu a garkar ƙanensa da ake son a duba. Daga nan aka shiga layi. Sati guda tsohon ya yi yana zagaya garkoki da tsumman jan ƙyalle, yana ɗaura wa kowane namiji a wuya, yana faɗa wa mai garka wanda zai bari da wanda garinsa ba shi da kirki. Maza goma sha bakwai aka samu da gatari bai kai gare su ba. Ruwa kuma aka mai da shi zagaye, yau kai ne farko, gobe wani, ni ma na koma ina jiran ranata kamar kowa.

A taron da aka yanke wannan magana, Baba Ismaghil ya makara. Ina zaune ta baya ina kallon ƙofa, na gan shi ya tsaya a waje yana gyara rawani, ya fi minti biyu bai shigo ba. Da ya sa ƙafa, Kalilu ne ya fara miƙewa, sannan sauran suka bi shi, har da waɗanda suka ce a cire shi. Ya zauna bai dubi kowa ba, ya ɗora burgamin a kan cinyarsa.

Ranar Juma'a na je tasha kamar yadda na yi wa Yaya Fatahu alkawari. Na cika kwali biyu da dabino mafi kyau, na ɗaure da igiya, na sa aka rubuta sunansa da lambar wayarsa a jiki, na tsaya har aka ɗora su a motar Damagaram. Sannan na kira shi.

"Yaya, gobe ka aika tasha, akwai saƙo."

"Ke fa? Yaushe za ki taso?"

"Ɗakin Inna, ka ba wanda yake bukata," na ce. "Ni gobe ce ranar ruwana."